WAI KARATUN JAMI'A KYAUTA NE A ESTONIYA? GA ABIN DA NA GANO KAFIN A SAYAR DA GONAR GADO

Jama'a, rubutun nan yana da tsawo. Wanda yake sauri ya ajiye shi sai dare.

Mako uku da suka wuce ɗan yayata ya same ni a gida bayan isha'i. Ya yi digiri a fannin kwamfuta, ya gama hidimar ƙasa, yau shekara biyu ke nan yana zagaya ofisoshi da takardunsa a leda. Ya zauna a ƙasa ya gaishe ni, sannan ya ce, "Kawu, na samu hanya. Akwai wata ƙasa a Turai, Estoniya, karatun jami'a kyauta ne a can. Wani ejan ya ce in na kawo kuɗin aikinsa da na jirgi, sauran shi zai ji da shi."

Na ce masa, "To kuɗin fa, daga ina?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Umma ta ce za ta sayar da kasonta na gonar gado."

Gabana ya faɗi. Gonar nan ita ce kawai abin da Yaya take da shi tun rasuwar mijinta. Na ce ya ba ni mako biyu kafin kowa ya kira dillali. Aikin gwamnati dai ya koya mini abu ɗaya: duk inda aka ce kyauta, a nemi takardar a karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa. Na zauna na karanta, kuma abin da na gano ya wuce maganar yaron nan, shi ya sa na kawo shi nan.

Da farko, ita Estoniyan. Tana arewacin Turai a bakin Tekun Baltik, Rasha na gabas da ita, Latbiya na kudu, Finlan kuma na tsallaken ruwa. Girman ƙasarta kusan ɗaya da jihar Kaduna. Mutanenta gaba ɗaya wajen miliyan 1.3 ne, ba su kai rabin mutanen birnin Kano ba. Babban birninta Tallin. Ta fita daga hannun Tarayyar Sobiyet a 1991, ta shiga Tarayyar Turai a 2004. In ka taɓa kiran motar Bolt a Abuja ko Legas, to ka taɓa hulɗa da ita ba ka sani ba, don wani matashi ɗan ƙasar, Markus Villig, shi ya kafa kamfanin a 2013 yana ɗan shekara 19.

Jami'o'in gwamnati shida gare su. Babba kuma mafi tsufa ita ce ta Tartu. Sai ta fasaha da ke Tallin, wadda suke kira TalTech, sai Jami'ar Tallin, sai ta aikin gona da dabbobi ita ma a Tartu, sai ta zane-zane, sai ta kiɗa da wasan kwaikwayo. Akwai kuma manyan makarantun koyon sana'a, kamar na aikin jinya da na sufurin jiragen sama da na jami'an tsaro.

To, kyauta ne ko ba kyauta ba ne?

Ejan bai yi ƙarya tsagwaronta ba. Rabin gaskiya ya faɗa, kuma a irin wannan harka rabin gaskiya ya fi ƙarya haɗari. Tun shekarar karatu ta 2013, ɗalibi a jami'ar gwamnati a Estoniya ba ya biyan kuɗin makaranta, amma da sharuɗa. Na ɗaya, kwas ɗin ya zama ana koyar da shi da harshen Estoniya. Na biyu, ya zama karatu kake yi na cikakken lokaci. Na uku, ka riƙa kammala nauyin da aka ɗora maka, wato kiredit 30 a kowane zango. In ka yi kasala ka bar giɓi mai yawa, jami'a tana da ikon cajinka kuɗi a kan kowane kiredit da ya rage. Kwasa-kwasan da ake yi da Ingilishi kuwa, waɗanda su ne ɗan Najeriya zai iya shiga, doka ta ba jami'a damar karɓar kuɗi, kuma suna karɓa, dubban Yuro a shekara. Karatun likita da Ingilishi a Tartu ya haura Yuro 10,000 a shekara. Akan yafe wa 'yan kaɗan daga cikin waɗanda suka fi cancanta, amma wannan gasa ce ake yi da ɗalibai daga ko'ina a duniya, kuma babu ejan da yake da iko a kanta.

Da na faɗa wa yaron, sai ya ce, "Kawu, ai wannan wariya ce. Nasu kyauta, namu da kuɗi."

Na ce masa ba launin fata dokar ta duba ba, harshe ta duba. Kai ma in ka koyi harshen ka ci jarrabawar shiga, ƙofar a buɗe take. Sai dai ka sani harshen ba ɗan'uwan Ingilishi ba ne, ba na Jamusanci ba, ba na Rashanci ba. Danginsa na kusa shi ne harshen Finlan. Suna ɗaya yana iya sauya siffa har kala 14 gwargwadon aikinsa a jimla. Ba su ma bambanta "shi" da "ita", kalma ɗaya ce. Ba harshen da za ka koya a wata uku a waya ba ne ka je ka zauna ajin lissafi.

Ni a ra'ayina Estoniyawa sun yi daidai a nan, kuma wanda ya san tarihin Jami'ar Tartu zai gane dalili.

Sarkin Suwidin Gustav Adolf ne ya kafa ta a 1632, lokacin ƙasar tana hannun Suwidin, kuma da Latin ake karatu. Yaƙi ya rufe ta a 1710. Aka sake buɗe ta a 1802 a ƙarƙashin sarkin Rasha, amma da Jamusanci, don masu gonaki da sarauta a ƙasar a lokacin Jamusawa ne, su kuwa Estoniyawa talakawan da ke yi musu noma. A wannan zamanin jami'ar ta yi suna sosai. Karl Ernst von Baer, wanda ya gano ƙwan haihuwa na dabbobi masu shayarwa, can ya yi karatu. Wilhelm Ostwald, wanda ya samu kyautar Nobel a ilimin sinadarai a 1909, shi ma can ya yi. Wajen 1893 aka juya karatun zuwa Rashanci, har sunan garin aka sauya. Ku lura da kyau: jami'a a ƙasarsu, kusan shekara 300, amma ba ta taɓa yin magana da harshensu ba. Ɗan manomi da ya yi sa'ar shiga, sai ya ajiye harshen uwarsa a bakin ƙofa.

Sun yi shelar 'yancin kai a Fabrairun 1918. Ranar 1 ga Disamba 1919, ana tsakiyar yaƙin kare wannan 'yancin, suka buɗe jami'ar da harshen Estoniya. Ba su da isassun farfesoshi, sai da suka gayyato wasu daga Finlan da Suwidin. Ba su da kalmomin likitanci da na shari'a da na kimiyya, sai masana harshe irin su Johannes Voldemar Veski suka zauna da masana kowane fanni suna ƙirƙirar kalmomi dubbai. Ba su jira harshen ya "isa" ba tukuna. Da koyarwar aka gina shi. Har mulkin Sobiyet ya zo ya wuce, jami'ar ba ta daina koyarwa da Estoniyanci ba. Yau masu harshen ba su wuce miliyan ɗaya da 'yan kai ba a duk duniya, amma da shi ake yaye likita da alƙali da injiniya.

Saboda haka in gwamnatin Estoniya ta ce harajin mutanenta zai biya wa wanda ya yi karatu da harshen ƙasar, akwai abin da take saye da kuɗin nan. Tana sayen likitan da zai iya jin koken tsohuwa a ƙauye, da malamin da zai koyar da 'ya'yansu, da rayuwar harshen da in ya mutu a jami'a zai koma na kicin da kasuwa kawai. Baƙon da zai zo ya yi shekara biyu da Ingilishi ya wuce Jamus ko Kanada, mene ne hujjar direban bas na Tartu ya biya masa? Ni ma'aikaci ne da ake cire wa haraji tun kafin albashi ya shigo hannu. Na fahimci wannan lissafin.

Amma fa labarin bai ƙare a nan ba, kuma ɓangaren da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wanda masu tallar "kyauta" ba sa faɗa.

Kafin 2013, wajen rabin ɗaliban ƙasar biyan kuɗi suke yi. Gwamnati tana sayen wasu gurabe ta ba waɗanda suka fi maki, sauran gurabe jami'a ta sayar. Ministan ilimi na lokacin, Jaak Aaviksoo, masanin kimiyya ne da ya taɓa shugabantar Jami'ar Tartu, ya ce wannan ba adalci ba ne. Ɗan mai hali da ya yi makaranta mai kyau a birni shi yake cinye gurbin kyauta, ɗan talaka daga karkara shi yake biya, sannan ya kama aiki dare da rana don ya biya, karatun ya lalace. Aka soke kuɗin, aka kawo alawus na wata-wata ga ɗaliban da iyayensu ba su da ƙarfi, wanda ya fara daga Yuro 75 zuwa 220. Aka yi wa jami'o'i alkawarin gwamnati za ta cike gurbin kuɗin da suka rasa.

An cike a shekarun farko. Daga nan sai kuɗin ya kusa tsayawa wuri ɗaya, alhali albashi da farashin komai a ƙasar suna ta hawa. Kason da ake ba manyan makarantu daga arzikin da ƙasa take samarwa a shekara ya yi ta zamewa har ya sauko wajen kashi 1 cikin 100. Jami'a kuma an ɗaure mata hannu: doka ta hana ta karɓar kuɗi daga ɗalibin da ke karatu da Estoniyanci, gwamnati kuma ba ta ƙara abin da ya isa. Aka kai matsayin da wasu malaman jami'a albashinsu bai kai na malamin sakandare ba. Malamin kwamfuta kuwa yana ganin ɗalibin da ya koyar bara ya ninka shi albashi a kamfani. Wa zai zauna?

Ga inda abin ya ba ni mamaki. Babbar ƙofar da doka ta bari a buɗe don jami'a ta samu kuɗin shiga daga ɗalibai ita ce kwasa-kwasan Ingilishi. To me kuke tsammani jami'ar da ke cikin matsi za ta yi? Sai kwasa-kwasan Ingilishi suka yi ta yawa, musamman a digiri na biyu, aka shiga neman ɗalibai daga Finlan da Indiya da Najeriya da sauransu. Har akwai shekarun da Najeriya take cikin ƙasashen da suka fi yawan ɗalibai baƙi a can. Wato dokar da ta fifita harshen ƙasa, da aka bar ta babu kuɗi, ita ce ta riƙa tura jami'o'in zuwa ga Ingilishi. Estoniyawa da kansu suna ta muhawara a kan wannan, suna tambaya ko nan gaba za a samu mai rubuta binciken digirin digirgir da harshensu. Da yaronmu ya tafi, da kuɗin gonar Yaya yana cikin abin da zai toshe wannan giɓin. Ban ce haramun ba ne, ciniki ne. Amma ya kamata mai saye ya san shi ne mai saye.

A 2022 abin ya kai maƙura. A tsarinsu, kowace jami'ar gwamnati tana sa hannu da ma'aikatar ilimi a kan yarjejeniya ta 'yan shekaru: ga fannonin da za ki ɗauki nauyi, ga abin da ƙasa take so daga gare ki, ga kuɗin da za a ba ki. Shugabannin jami'o'in, ciki har da na Tartu, Toomas Asser, wanda likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ne, suka haɗa kai suka ce ba za su sa hannu a sabuwar yarjejeniya ba. Hujjarsu: ba za mu yi alkawarin aikin da kuɗinsa bai isa ba. Suka nemi a mayar da kason zuwa kashi 1.5 cikin 100. A tsakiyar shekarar aka kafa sabuwar gwamnatin haɗaka a ƙarƙashin Kaja Kallas, aka amince da ƙarin kashi 15 cikin 100 duk shekara har shekara huɗu. Duk wannan rigimar da ake yi, ɗalibai suna shiga aji.

Na san abin da ya zo ranku, don ni ma shi ya zo raina. A wannan shekarar ce ta 2022 jami'o'inmu suka kasance a rufe daga Fabrairu har Oktoba, wata takwas cur, kuma yaron nan da nake ba ku labari yana cikin waɗanda irin wannan yajin ya ci wa lokaci. Ba zan zauna a nan in ce malamanmu su yi koyi da na Estoniya ba, don wanda ya ƙi sa hannu yana bukatar gwamnatin da rashin sa hannun zai dame ta. Abin da na ɗauka kawai shi ne wannan: a can shugabannin jami'a ne da kansu suka tsaya a gaba, kuma akwai takarda da ta ɗaure ɓangare biyu, wadda kowane ɗan ƙasa zai iya karantawa ya ga wa ya saɓa.

Akwai wani abu kuma da suka yi wanda ya fi soke kuɗin makaranta wuya a siyasance. Bayan faɗuwar Sobiyet, manyan makarantu sun yi ta tsirowa kamar ciyawar damina, masu zaman kansu da na gwamnati, har suka kusa 50 a farkon shekarun 2000. Wasu ba su da komai sai allon suna da ɗakin haya. Yau ba su kai 20 ba. Wasu an rufe su da suka kasa tsallake tantancewa, wasu an haɗe su. Jami'ar Tallin kanta a 2005 aka samar da ita daga haɗa makarantu da cibiyoyi da yawa. Makarantar koyon aikin jiragen ruwa ta shiga cikin TalTech a 2014, kwalejin fasahar sadarwa ta bi ta a 2017. Dalili a bayyane yake: haihuwa ta ragu sosai a shekarun 1990, ɗalibai suka sauko daga kusan 70,000 wajen 2010 zuwa wajen 45,000. Suka ga gara makaranta kaɗan masu ɗakin gwaji na gaske da makaranta da yawa masu allon suna. Mu namu lissafin daban ne, yara ƙaruwa suke yi, amma ko gwamnatin tarayya a Agustan 2025 sai da ta dakatar da kafa sababbin manyan makarantunta na shekara bakwai. Ruwa ba ya tsami banza.

Kuma an ga amfanin tattara ƙarfi wuri ɗaya. Injiniyoyin da suka rubuta manhajar Skype a 2003 'yan Estoniya ne, ɗaya daga cikinsu, Jaan Tallinn, a Tartu ya yi karatu. Ɗaliban ƙasar sun ƙera ƙaramin tauraron ɗan'adam, ESTCube-1, aka harba shi sararin samaniya a 2013. Jami'ar Tartu tana riƙe da ma'ajiyar ƙwayoyin halitta ta mutum sama da 200,000, wajen kashi ɗaya cikin biyar na manyan ƙasar, waɗanda suka ba da jininsu da kansu don bincike. Tun 2005 suke jefa ƙuri'a ta intanet. Wannan duk bai faɗo daga sama ba. Tun 1960 suke da cibiyar binciken kwamfuta a Tallin, a 1996 kuma suka ƙaddamar da shirin kai kwamfuta da intanet makarantu. A gwajin PISA da ake yi wa 'yan shekara 15, yaransu suna sahun gaba a duk Turai. Jami'a ba ta gyara abin da firamare ta ɓata, su kuma tun daga ƙasa suka faro.

Kada wani ya ce na mayar da su mala'iku. Suna da nasu ciwon. Ɗalibai da yawa suna aiki suna karatu, saboda ko babu kuɗin makaranta akwai haya da abinci, kuma masu barin karatu a tsakiya ba kaɗan ba ne. Akwai masu cewa kyautar nan 'ya'yan masu hali ta fi amfana, tunda su suka fi kaiwa jami'a, don haka a dawo da ɗan kuɗi kaɗan. Wannan hujja tana da ƙarfi, ban raina ta ba. Sannan sama da kashi ɗaya cikin biyar na mutanen ƙasar 'yan asalin Rasha ne. A garin Narba da ke kan iyaka kusan kowa Rashanci yake yi a gida. Yaron da ya taso a can, in Estoniyancinsa bai yi ƙarfi ba, ƙofar kyautar nan ta yi masa ƙunci duk da a ƙasar aka haife shi. Daga 2024 gwamnati ta fara juya makarantun Rashanci zuwa Estoniyanci, kuma ba kowane gida ne ya ji daɗin hakan ba. Duk manufar harshe tana da wanda take dannewa, ko a ƙasa mai mutum miliyan ɗaya.

Shi ya sa ba zan ce mu kwafo tsarinsu ba. Ƙasa mai harsuna ɗaruruwa ba ɗaya take da mai babban harshe guda ba. Amma wallahi abin ya tsaya mini a rai. Masu jin Hausa sun ninka masu jin Estoniyanci sau hamsin ko fiye. Muna da sassan nazarin Hausa a Bayero da Zariya da Sakkwato, muna da farfesoshi, muna da ƙamus. Duk da haka likitanmu yana gama karatu bai taɓa koyon yadda zai yi wa mara lafiya bayanin ciwon suga da Hausa a aji ba, sai dai ya koya a bakin gado. A Nuwamban 2025 ma aka sanar da soke manufar koyar da yaran firamare da harshen uwa, wadda aka kawo a 2022, aka ce ba ta haifar da ɗa mai ido ba. Ni tambayata ita ce, littattafai nawa aka buga mata, malamai nawa aka horar? Estoniya ta nuna mini abu biyu a lokaci guda: ƙaramin harshe yana iya ɗaukar ilimin jami'a in an yi masa aiki, kuma manufa mai kyau in an bar ta babu kuɗi tana iya haifar da kishiyar abin da aka nufa.

Matsayina ke nan a kan "karatu kyauta", a can ko a ko'ina. Ina goyon bayansa, don ni kaina da kuɗin makaranta ya yi tsada a zamaninmu da ban yi digiri ba, mahaifinmu manomi ne. Amma duk ɗan siyasar da ya ce kyauta, a tambaye shi abu uku: wa zai biya, nawa ne a shekara, kuma a wace doka aka rubuta cewa kuɗin zai riƙa tashi tare da farashin kaya. In babu amsa, malamai ne za su biya da albashinsu, ɗalibai su biya da ingancin karatunsu. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Yanzu ga masu 'ya'ya ko ƙanne da ke da irin wannan niyya, ga abin da na tabbatar. Jami'o'in Estoniya na gaske ne, digirinsu karɓaɓɓe ne a Turai, kuma a fannin kwamfuta da tsaron intanet suna da suna mai kyau. Neman gurbi kai tsaye ake yi ta intanet, yawanci ta shafin DreamApply, kuma kuɗin kowane kwas yana rubuce a shafin jami'ar. Ba ka bukatar ejan. Ɗalibi baƙo yana da izinin yin aiki muddin bai hana shi karatu ba, bayan ya gama kuma ana ba shi wata tara ya nemi aiki. Amma kasuwar aikin ƙarama ce, kuma in ka fita daga harkar kwamfuta, yawancin aiki mai kyau yana bukatar harshen. Digirin digirgir ba a biyan kuɗi, tun 2022 ma yawancin masu yin sa ana ɗaukar su a matsayin ƙananan masu bincike da albashi. Estoniya ba ta da ofishin jakadanci a Najeriya, saboda haka tun kafin ka biya ko sisi ka tambayi jami'ar a ina za ka nemi biza, ka sa kuɗin wannan a lissafi. Za a kuma nemi shaidar kana da abin da za ka ci da kanka. Sannan a shirya wa sanyi da duhu, don a Disamba hasken rana a Tallin wajen awa shida ne kawai.

Shekaranjiya na je wajen Yaya da takarda da biro. Muka zauna mu uku na rubuta musu lissafin: kuɗin makaranta na shekara biyu, haya, abinci, inshorar lafiya, jirgi, biza, duk da Yuro, sannan muka juya shi zuwa Naira. Kuɗin gonar ko shekarar farko bai rufe ba. Yaya ta yi shiru, can ta ce, "To ai ni ce mini aka yi kyauta ne." Na ce, "Yaya, kyauta ne ga mai jin yarensu."

Abin da muka tsayar shi ne ba za a taɓa gona ba. Yaron zai nemi gurbi da kansa a zagaye mai zuwa, a Tartu da TalTech, ya nemi a yafe masa kuɗin makaranta. Ni na ɗauki nauyin kuɗin fom da na jarrabawar Ingilishi. In an yafe masa, dangi za mu zauna mu ga yadda za a haɗa na jirgi da na watannin farko. In ba a yafe ba, ya yi digiri na biyu a nan gida, ya sa ido a kan na digirgir wanda ake biyan mutum albashi. Bai ji daɗi ba, na gani a fuskarsa, har yanzu gaisuwarsa a taƙaice take. Ejan kuma ya kira shi sau huɗu yana cewa gurabe suna ƙarewa.

In akwai wanda yake karatu a Estoniya ko ya gama a cikin abokaina na nan, don Allah ya yi mana bayani a ƙasa, musamman kan haya da samun aiki, gani ya kori ji. In na yi kuskure a wani wuri a gyara mini. Wanda kuma ya san wani gida da ake shirin sayar da fili ko gona saboda irin wannan maganar, ya tura musu su karanta kafin a kira dillali.

Allah Ya buɗa wa yaranmu hanya ta alheri, Ya raba mu da asara.